Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Masu Raunin Laka

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate,



Na rubuto ne a kan mutanen da ƙashin baya ko na wuya ya karye musu har laka ta taɓu. Ɗan acaɓan da mota ta make, birkilan da ya rikito daga bene, yaron da reshen mangwaro ya karye da shi, mai haƙar rijiyar da ƙasa ta rufta masa. Akasarinsu majiya ƙarfi ne, su ke riƙe da gida.

A 2023 masana a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun sa wani ɗan Holan da ya haura shekara 10 a shanye ya taka ƙafa, da na'urar da ke sada ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Abin ya burge, amma ba shi nake roƙa mana ba tukuna. Namu tun a bakin titi ake ƙarasa su. Jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wuya na reto, a cusa mutum a bayan a-daidaita-sahu. Wanda ya tsira aka sallamo shi, sai kwanciya ta cinye masa ƙugu, gyambo ya zurma har ƙashi, robar fitsari ta daɗe ba a canza ba, zazzaɓi ya shiga. In ya cika a ce kwana ya ƙare. Haka ne, amma tun 1944 Dakta Ludwig Guttmann ya nuna a asibitin Stoke Mandeville na Ingila cewa juya majiyyaci duk bayan awa biyu da tsabtace hanyar fitsari suna hana wannan mutuwa.

Ka fi ni sanin cewa a Abuja aka yi alƙawarin 2001 na bai wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma har yau ba mu cika shi ba. Duk da haka abin da nake nema bai fi ƙarfin ma'aikatarka ba.

A ware wa binciken raunin laka kasonsa na kansa a kasafi, da sunansa, kada a cakuɗa shi da wani. A fara da rajistar masu raunin laka ta ƙasa a asibitocin ƙashi na Dala da Igbobi da Inugu da asibitocin koyarwa, a riƙa bin majiyyaci har gida bayan sallama, domin a can ake mutuwar. A binciko katifa da matashin keken guragu da za a iya haɗawa a nan, su jure zafinmu, talaka ya iya saya. A kuma gwada ko koya wa direbobin tasha da masu ɗori yadda ake ɗaukar mai karayar baya zai rage shanyewa, tunda su ake fara kira kafin likita.

Kwamitin da zai raba kuɗin kuwa, a sa masu raunin lakar su kansu a ciki, da ikon jefa ƙuri'a.

Wassalam.