Sharhi: Yadda Dalma Ke Yaudarar Jijiyoyin Yaranmu



A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, duk a Jihar Zamfara. Gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu, akasari bayan fama da jijjiga.

Ɓarnar dalma tana da alaƙa da sinadarin kalsiyam. Idan saƙo ya iso ƙarshen jijiya, wasu 'yan ƙofofi kan buɗe, kalsiyam ya kutsa ciki, sannan jijiyar ta miƙa saƙon gaba. Da haka ƙwaƙwalwa ke koyo. Da haka kuma jijiyoyin da ba mu da iko a kansu ke hanzarta bugun zuciya, su matse hanyoyin jini idan mutum ya firgita.

Ita kuwa dalma ta yi kama da kalsiyam, har jiki ya kasa bambance su. Tamkar ɓarawo ne da ya tsinci makullin gida. Tana bin ƙofofin nan, ta maƙale a mazaunin kalsiyam, sai jijiya ta riƙa sakin saƙo ba a kan lokaci ba, in lokacin ya zo kuma ta gaza. Tana toshe wuraren karɓar saƙo da hadda da fahimta suka dogara a kansu. Babba ya kamu da hawan jini, yaro karatu ya ƙi zama, in ta yi yawa ƙwaƙwalwarsa ta kumbura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro kan tsotsi dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma wanda ba ya samun abinci mai gina jiki ya fi tsotsa. Tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, ta fito ta isa ga jariri idan mace ta sami juna biyu. Shi ya sa kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega a 2013, duk da amfaninsa, bai rufe maganar ba. Magani na rage dalma a jini, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Don haka, 'yan'uwa masu haƙar zinare daga Anka har Gummi, don Allah kada dutse ko injin niƙansa ya shiga gida. Ku yi wanka, ku sauya tufafi kafin ku ɗauki yaro. Iyaye mata, a ba yara abinci mai gina jiki kamar nono da zogale da miyar kuka, don su rage tsotsar dalma. Gwamnatin Zamfara kuma ta kai gwajin jinin yara asibitocin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi.