Walda da Rini: Kalma Ɗaya, Tushe Biyu

A ajinmu na Turanci wani ɗalibi ya buɗe ƙamus yana neman kalmar "weld", sai ya tarar da ma'ana biyu: haɗa ƙarfe da wuta, da kuma wata ciyawar rini. Ya ce lallai masu ƙamus sun yi kuskure. Ba su yi ba. Kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa, kamar "baba" mahaifi da "baba" na marina a Hausa.

Ta farko ta fito daga "well", wadda a tsohon Turanci take nufin tafasa ko ɓuɓɓugowar ruwa. Maƙeran Ingila sukan gasa ƙarfe biyu har su yi laushi, sa'an nan su daka su zama ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 16 aka soma rubuta ta "weld". Daga gare ta muka ari "walda", wadda kowane yaro a Isa da Sabon Birni ya sani.

Ta biyu ta girme ta. Sunan ciyawa ce ta ƙasar Turai mai ba da launin rawaya. In aka rina zane shuɗi da ita, sai ya koma kore. Mu ma haka ne, gama "rawaya" sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Bayan da William Perkin ya gano rinin kimiyya a 1856, sannu a hankali kasuwar irin waɗannan tsire-tsire ta faɗi, ma'anar kuma ta kwanta a ƙamus.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ya tsaya kan ma'anar farko ya cuci kansa, gama a jarrabawa ma'anar da ya tsallake tana iya kayar da shi. Ku karanta bayanin kalma har ƙarshe, ku kuma bi tushenta. In kun bi, za ku ga Turancin da muke taƙama da shi, wani sashensa daga maƙera da karofi ya fito. To, don me ɗan makaranta a Tozai zai ji kunyar cewa ubansa maƙeri ne, ko marini? Su ne malaman wannan kalma tun kafin mu.

A hutun nan, kowa ya ziyarci mai sana'a ɗaya, ya rubuto mana sunayen kayan aikinsa guda goma. Allah ya ba mu ganewa.