Allurar Taimin: Ƙaramin Ƙarfe, Babban Aiki

Duk mai tsohuwar Peugeot 504 a Moshi Zango ya san hanyar Suame Magazine. Idan an kwance inji an sake haɗawa, a kula da allurar taimin, wato ɗan ƙarfen da ke nuna tsagar jikin fuli. Ba a ɗaure ta da ka. Sai fistan na 1 ya kai ƙololuwa ake saita ta daidai da sifili. In ta karkace, ko fitilar taimin ƙarya za ta nuna, wutar filogi ta yi gaggawa ko ta makara, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, ya sha mai. Don haka, maigida, a tabbatar da ita a gabanka kafin ka biya. Allah ya kiyaye hanya.