Motoci Huɗu, Bakanike Ɗaya

A makon jiya wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Abuja ya aiko mini da saƙo yana neman shawara, wai ya tara 'yan kuɗinsa, wace irin mota zai saya? Na yi murmushi, domin kuwa ya tambayi mutumin da a Keke Napep ya ke zuwa Jimeta, alhali motarsa tana ajiye a gindin dalbejiya a ƙofar gidansa a Yolde Pate, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Amma tun da ya tambaya, kuma na tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan tunani ba, bari in ba shi amsa a wannan fili kowa ya ji. Motoci huɗu na mallaka cikin shekara kusan 50, kuma hannun mutum ɗaya ne ya taɓa cikin kowaccensu.

Na koyi tuƙi a 1972, shekarar da aka sauya hannu a Nijeriya. Ran 2 ga Afrilu aka bar hagu aka koma dama, saboda haka mu sababbin shiga mun fi tsofaffin direbobi kwanciyar hankali, don ba mu da tsohuwar ɗabi'ar da za mu yaƙa. Mota kuwa ban samu ba sai 1976. Kuɗin Udoji na 1975 sun ɗaga albashi, ga rancen mota da a ke ba ma'aikata, ga shi a watan Fabrairun 1976 an ƙirƙiro Jihar Gongola an mai da Yola babban birninta. Gari ya cika da sababbin ma'aikata, kowa yana son a gan shi a kan ƙafa huɗu. Ni ma ban tsaya a baya ba, na sayi Volkswagen Beetle, irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Legas a 1975.

Yaran yanzu ba za su gane wannan halitta ba. Injinta a baya ya ke, but ɗinta da tankin mai suna gaba, batir kuwa a ƙarƙashin kujerar baya. Ba ta da lagireto, watau ba ta shan ruwa ko kaɗan, fanka ce ke hura wa injin iska. Ni kuwa duk ban san wannan ba, abin da na sani shi ne makulli da sitiyari. Ran nan cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin Yola ke wuce awo 40, na kama hanyar Numan, sai wata 'yar jar fitila ta kama a gabana. Na ce a raina in na isa na duba. Kafin in kai Ngurore wari ya cika motar, ta yi ta shaƙewa har ta tsaya. Na fito na buɗe gaba ina neman inda zan zuba ruwa, ban ga kome ba sai tayar safaya.

Ina nan tsaye sai ga wani saurayi a kan keke, rigarsa duk baƙin mai. Ya sauka ya gaishe ni, ya zagaya baya ya buɗe, ya ɗago wani tsinkakken bel ya nuna mini. Ya ce, "Malam, wannan ba ta shan ruwa, iska ta ke sha. Fambel ɗin nan shi ke juya fanka. Da ka tsaya tun sa'ad da fitilar ta kama, da ba ka sha rana ba." Ya hau kekensa ya tafi, bayan kamar awa ɗaya ya komo da wani bel, ya ɗaura, muka jira injin ya huce, ta tashi. Allah ya taimake ni ban ƙona shi ba. Laifin nawa ne ɗungurungum, motar ta yi mini gargaɗi na ƙi ji. Wannan saurayi shi ne bakanikena har yau, ko da ya ke yanzu gemunsa ya fi nawa fari.

A 1981 iyali suka ƙaru, na sayar da ita na sayi Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce ma'aunin da na ke auna sauran da shi.

A Faransa aka fito da ita a 1968, amma a Afirka ta yi suna. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna da laushi suna haɗiye rami, tayoyin baya ne ke tura ta. Ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma aiki. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar manyan ma'aikata. Saboda haka sai ka ga irin motar da Kwamishina ke shiga ita ce malamin makaranta ke shiga, ita ce kuma doguwar da ke lodin fasinja a tashar Jimeta zuwa Gombe da Mubi da Jalingo. Wannan shi ne sirrinta. Tun da ko'ina akwai ta, ko'ina akwai wanda ya san cikinta, ko'ina kuma akwai kayanta. Na taɓa lalacewa a Song da magariba, wani yaro ya kwance kafireto, ya wanke da fetur, ya hura da bakinsa, ya mayar, kafin a kira isha'i ina kan hanya. A Mayo Belwa salansa ta taɓa saki, aka ɗaure ta da waya, ta kai ni Ganye ta komo da ni. In batir ya yi sanyi da asuba lokacin hunturu, yaran unguwa su tura, in sa giya ta biyu in saki kuloci, shi ke nan.

Fetur kuwa a 1982 kwabo 20 ne lita. Na faɗi wannan ba don in ɓata wa matasa rai ba.

Sai dai kada son Fijo ya rufe mana ido. Mun riƙa cewa motar gida ce, amma yawancin sassanta a akwatuna su ke zuwa daga Faransa, har akwai lokacin da a ke ɗauko su ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a wuce da su Kaduna a haɗa. Muddin naira na da ƙarfi, kamar a 1980 sa'ad da naira ɗaya ke sayen kusan dala biyu, ba wanda ya lura. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka karya darajar naira, sai kuɗin akwatunan nan ya tashi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Ba Kaduna kaɗai abin ya shafa ba. Masana'antar Volkswagen ta Legas, da ta Steyr a Bauchi, da ta manyan motoci a Kano, da ta Leyland a Ibadan, duk suka shiga wani hali. Daga nan ƙofa ta buɗe wa tsofaffin motocin Turai da ke shigowa ta Kwatano, waɗanda mu ke kira 'yan Beljiyam.

Shekara 16 Fijo ta yi a hannuna. A 1997 girman kai ya kama ni, na ga tsararrakina suna shiga manyan motoci masu santsi, na sayar da ita ga wani ɗan tasha na sayi wata ƙatuwar Beljiyam. Ba zan faɗi irinta ba, ba kuwa zan faɗi dillalin ba, don shi bai ɗaure ni ba. Bakanikena ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, mota ce mai kyau, amma a duk Yola da Jimeta guda nawa ka gani?" Na ce ai shi ya sa na saya. Ya yi shiru. Cikin shekara uku ta fi daɗewa a garejinsa bisa ga ƙofar gidana, ba don muguwar mota ba ce, sai don ko ɗan ƙaramin abu ya lalace sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a jira mako biyu, wani lokaci a kawo wanda bai dace ba. Ina zaune a garejin nan sau da yawa na ke hango tsohuwar Fijona ta wuce da fasinja zuwa Fufore. Na rabu da Beljiyam da hasara, na yi shekaru a kan babur.

Ta huɗu na saye ta a 2014 da kuɗin sallama, wata 'yar Japan mai sauya giya da kanta, mai sanyaya ciki. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin daɗin mota kamarta ba. Ba ta shan mai kamar Fijo, ba ta san turi ba, shekara 11 ban da sauya baƙin mai da taya da birki ba ta tambaye ni kome ba. Wanda ya ce motocin dā sun fi na yanzu inganci, ƙuruciyarsa ya ke tunawa. Ko da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, har lita ta haye naira 1,000 a 2024, rage yawo kawai na yi.

Sa'an nan ambaliyar ƙarshen watan Yulin 2025 ta afka wa Yolde Pate da Shagari da unguwannin da ke kewaye. An yi hasarar rayuka da gidaje, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, saboda haka ina jin nauyin in kawo maganar mota a nan. Na kawo ta ne don wani ya tsira daga kuskurena. Da ruwa ya janye na tarar ya kai har kujeru. Maimakon in kira bakanike, sai na sa makulli na murɗa. Ta yi wata ƙara guda ɗaya ta yi shiru. Ashe ruwa ya shiga cikin injin, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka da fistin ya taso ya iske shi sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Ban da wannan, motocin yanzu suna da wata ƙwaƙwalwar lantarki da ke raba mai da wuta, ita ma ta jiƙe, na kuwa sakar mata wuta tana jiƙe. Abin da ya kamata in yi shi ne in cire kan batir, a ja ta zuwa gareji, a kwance filogi a fitar da ruwan, a zubar da man, a bar wayoyi su bushe.

Tsohon ya zo ya duba. Injin bai ba shi tsoro ba, ya ce wannan aikin hannu ne. Da aka zo kan ƙwaƙwalwar sai ya ja da baya ya kira ɗansa, wanda ya koyo aiki a Kaduna, yana yawo da wata 'yar na'ura da a ke jona wa mota ta faɗi ciwonta. Mutumin da ke gane cutar Fijo da kunne daga nesa, ga shi tsaye yana kallon ɗansa yana karanta lambobi.

To, ɗalibina, ga amsarka. Kafin ka je wurin dillali, je wurin bakaniken da ya fi kusa da gidanka, ka tambaye shi motar da ya fi gyarawa da wadda kayanta ke cikin garin. Ka tsaya a tasha ka ga abin da 'yan haya ke shiga, don su ba su sayen mota saboda ado. In Beljiyam ce, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo, domin a ƙasashen waje ma ana ambaliya, kuma irin waɗannan motoci su kan biyo jirgin ruwa. Ka kuma dubi unguwar da ka ke zaune, in kwari ne ka san inda za ka kai ta in hadari ya haɗo.

Shekaranjiya yaron ya zo ya ce, "Baba, an samu ƙwaƙwalwar a Ƙofar Ruwa, ta hannu ce amma an gwada ta." Da ya faɗi kuɗinta sai na tuna cewa ya ninka kuɗin da na sayi Fijo sabuwa fil sau da yawa. Na ce masa su riƙe mini ita zuwa ƙarshen wata, in fansho ya shigo.