Tsoron faɗuwa ko tsoron dariyar ƴan fada?

Shekara shida na yi ina jiran a ɗauke ni aikin gwamnati, takardun jami'a na kwance cikin akwati. Ran da na ce zan koma Galmi noman albasa, ƴan fadarmu suka yi mini ca: "Da karatunka? In ka faɗi fa?"

Na kuwa faɗi. Shekarar farko na sayar lokacin da kasuwa ta cika, buhu ya yi arha, sauran ta ruɓe a rudu. Jaka ɗari uku ta tafi.

Amma ku gaya mini: wanda ya shekara goma bisa benci yana shan shayi, yana roƙon tsohuwarsa kuɗin kati, shi bai faɗi ba? Ya faɗi, ƙarar ce ba a ji ba. Asarata ta koya mini ajiya da lokacin sayarwa. Zamansa mi ya koya mishi?

Ba talauci muke tsoro ba, mun saba da shi. Bakin mutane muke tsoro, sai mu fake da "lokaci bai yi ba". Tawakkali sai an ɗaure raƙumi. Yi istihara, shawarci manya, ka tashi.

Ni dai bana ma na dasa.