Mai Biro Da Takarda Shi Ma Ma'aikaci Ne

'Yan'uwa manoma, a wani taron ƙungiya da muka yi a Sabon Birni, wani dattijo ya kawo kukan ɗansa. Ya ce ya sayar da dawa da gyaɗa ya sa yaro a makaranta, yana sa ran ganin likita ko injiniya, sai ga shi yaron ya sami aikin bin gida-gida da biro da takarda, yana tambayar mutane kaji nawa gare su. Aka yi dariya, mu ma muka taya. Amma da muka koma gida muka sake tunani, sai muka ga abin ba na dariya ba ne. Binciken zaman jama'a aiki ne na gaske, ya kamata kuwa 'ya'yanmu su shige shi.

Mun san dalilin da ya sa ake gudun mai tambaya. Iyayenmu sun saba, duk wanda ya zo ƙidaya, haraji ko jangali ne ke biye da shi. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979, amma tsoron bai fita daga zukata ba. In baƙo ya tambayi yawan mutanen gida, sai a rage masa. Shi kuwa abin da aka faɗa masa shi zai rubuta, da wannan takarda kuma za a raba rijiya da taki da ɗakin shan magani. Ashe kanmu muka cuta.

Ga abin da tambaya ta taɓa yi wa manomi. A 1966 da 1967 wani Bature, David Norman, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya sa malamai suka yi shekara guda suna bin manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da amfanin da aka samu. A lokacin ana ta ce wa manomi haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Da aka yi lissafi sai aka tarar haɗin ya fi ba da riba, musamman in an dubi ƙarancin hannu a lokacin noma da maimai, kuma in wani iri ya ƙi, wani ya yi. Kakanninmu sun san haka tun tuni, amma sai da aka rubuta masana suka yarda.

Inda aka raina wannan aiki kuwa, an ga abin da ya biyo baya. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, rigimar diyya da rabon gonaki bayan gina madatsar ruwa ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar Challawa a Ƙaraye mun san nauyin tambayar nan: gonar wa ce wannan, ina iyakarta?

A birni ma haka ne. Kafin a faɗaɗa titi ko a gyara tsohuwar unguwa a Kano, sai wani ya auna filaye, ya ƙidaya gidaje, ya ji ta bakin masu shago da 'yan haya. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan haya 'yan'uwanmu ne da suka tafi cin rani daga Gwarzo da Kabo.

Ana koyon aikin. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna koyar da tsara birane da yankuna, da ilimin zaman jama'a. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta domin mai son zama malamin gona. Hukumomi irin su KNARDA mai raya karkara da KNUPDA mai tsara birni, irin waɗannan ma'aikata suke aiki da su.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin ba na tara dukiya ba ne, sau da yawa ma na ɗan lokaci ne. Gaskiya ne kuma waɗansu masu bincike sukan cinye mana yini guda, su tafi, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Maganin wannan shi ne namu su shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ta tashi a cikinmu za ta shiga har cikin gida ta ji ta bakin mata, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta fari, kowace ƙungiya ta sayi littafi, ta sa yaro ko yarinya mai kyan rubutu ya riƙa shigar da ranar shuka, da takin da aka zuba, da dammunan da aka ɗaure, da kuɗin buhu a kasuwa. Ta biyu, in mai tambaya ya zo, mu ba shi tabarma, mu tambaye shi wa ya aiko shi, me za a yi da amsar, yaushe zai komo ya karanta mana abin da ya samu. In ya amsa, mu faɗa masa gaskiya.

Dattijon nan kuwa mun roƙe shi, in ɗansa ya zo gida, ya kawo mana shi taro. Shi zai raba mana layukan littafin.