Abdulkarim Bai Gano Kowa Ba

Har yau akwai masu koya wa yara cewa wani Bajamushe, Heinrich Barth, shi ne ya "gano" ƙasashen Tafkin Chadi. Mai faɗin haka ya je Babbar Kasuwar Njamena, wadda ake kira Grand Marché, ya dubi masu goro da masu turmin atamfa suna ciniki da Larabcin Shuwa da Barbarci da Hausa. Kakannin irin waɗannan fatake suna bin hanyar Kano zuwa Kukawa da Bagirmi tun kafin a haifi Barth a Hambug a 1821. Birnin ne sabo, gama sai a 1900 Faransawa suka kafa shi da sunan Fort-Lamy.

Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi a 1850, ya ɗauki sunan Abdulkarim. Ya shiga Kano a 1851. A 1852 ya ƙetare Logone da Shari ya nufi Masenya, har mutanen Bagirmi suka sa masa mari a ƙafa don ba su yarda da shi ba. Gaskiyarsa ɗaya, ya koyi harsunan mutane, ya kuma rubuta cewa ƙasashen nan suna da tarihi da masana'antu, a zamanin da Turawa da yawa suke musun haka. Amma ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, ya ga an kama mata da yara an karkashe maza. Ya rubuta abin da baƙin ciki, duk da haka a cikin ayarinsu ya dawo.

To, wa ya dafa masa abinci, wa ya kula da raƙumansa? Akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, bawa ne da abokin tafiyar Barth, Overweg, ya 'yanta. Barth ya kai shi Ingila a 1855. Can ya zauna da mai bishara J. F. Schön yana ba shi Hausa baki da baki, aikin da ya taimaki fassarar sassan Littafi Mai Tsarki, ya kuma haifi Magana Hausa a 1885. Littattafan Barth guda biyar suna ɗakunan karatu na duniya. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, kuma ikilisiyoyin da ke karanta Bishara da Hausa kowace Lahadi, da wuya a sami mai wa'azi a cikinsu da ya taɓa ambaton sunansa.